Gargaɗi: "Maganin China" mai wanke ciwon suga a kwana 30

Ana ta yawo da talla a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na wani kafso ko shayi, wai haɗin gargajiyar China ne mai tumɓuke ciwon suga daga tushe. Matasa na cikin waɗanda ake yi wa tarkon, domin ɗan shekara 20 da aka ce zai daɗe yana shan magani shi ya fi kowa neman mafita ta kusa.

Salonsu kusan ɗaya ne. A miƙa maka wani ƙarfe ka riƙe, an jona shi da kwamfuta, cikin minti biyu ta zayyano "cututtukanka". Wannan na'ura ba ta auna suga; sai da ɗigon jini ko na'urar da aka tantance ake aunawa. Daga nan a ce maganin asibiti guba ne, ka ajiye shi, ka sayi "cikakken saiti" na wata uku, in ka kawo abokai kuma a ba ka kamisho.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne sugan kan sauka da gaske. Dalilin ba ganye ba ne. An sha kama irin waɗannan kayayyaki a Hong Kong da sauran wurare an cusa musu maganin suga na asibiti a ɓoye, musamman glibenclamide, wani lokacin har da phenformin, wanda Amurka ta janye daga kasuwa tun 1977 saboda yana tara asid a jini har ya kashe. A 2009 mutum biyu suka mutu a yankin Xinjiang na ƙasar China bayan shan wani jabun kafson suga mai ɗauke da glibenclamide ninki shida na ƙa'ida. Ko ƙwayar Xiaoke, wadda aka yi wa rajista a can China, akwai glibenclamide miligiram 0.25 a kowace ɗaya, kuma an rubuta a jikin kwali. Mai sayar da ita da sunan "ganye zalla" ƙarya yake yi.

Glibenclamide yana tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Matashin da ya sha da safe, ya fita wasan ƙwallo ko yana azumi, sai gumi ya keto masa, hannu na karkarwa, zuciya na bugawa, magana ta rikice, har ya kai ga suma. Idan mitar auna suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL (wato 3.9 mmol/L), kuma yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti tare da kwalin, don wannan magani yana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa cikin dare.

Idan kuma babu komai a kafson sai gari, haɗarin ta wata fuska yake zuwa. Ciwon suga nau'i na biyu, wanda aka fi shan ƙwayoyi dominsa, ya fi saurin tsananta a jikin matashi fiye da dattijo: ƙoda da ido da jijiyoyi sukan taɓu da wuri. Wata uku babu metformin, maganin suga na asibiti, ba ƙaramar asara ba ce. Ga kuma waɗanda ake zaton nau'i na biyu gare su alhali na ɗaya ne, wanda dole sai da allurar insulin. Irin wannan in ya bar allurar insulin, cikin kwana ɗaya ko biyu sai amai, ciwon ciki, ƙishirwa da numfashi mai zurfi. Wannan na gaggawa ne.

Ba a ce likitancin gargajiyar China duk shirme ne ba. Sinadarin berberine da ake samu a saiwar wani tsiro mai suna huanglian yana ɗan rage suga a wasu ƙananan bincike, amma yana ɓata ciki, yana karo da wasu magunguna, kuma ba ya warkar da ciwon.

Lambar NAFDAC ma kada ta ruɗe ka. Ta kayan ganye takan ƙare da harafin L, kuma ba shaida ba ce cewa hukumar ta tabbatar yana warkarwa. A duba lambar a manhajar Greenbook ta hukumar. Kwalin da rubutunsa duk da Sinanci ne, babu jerin sinadarai ko ranar lalacewa, a bar shi a wurin.

Wanda ya riga ya fara sha ya dakata, ya ɗauki kwalin ya kai wa likitansa, ya faɗi gaskiyar ranar da ya bar maganin asibiti. A nemi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, da gwajin ƙoda da hanta. Sannan a kai rahoton mai sayarwar ofishin NAFDAC na jiha, haɗe da hoton tallar da shaidar biyan kuɗi.