Ƙamusun Nişanyan da asalin kalmomin kakanni a Turkanci

Kalmar "ecdat" ce ta kai ni ga ƙamusun Nişanyan Sözlük da ke intanet, domin na sha jin ta a bakin shugabannin Turkiyya idan suna ambaton kakanninsu na zamanin Daular Usmaniyya ta Istanbul. Marubuci Sevan Nişanyan ne ya tsara ƙamusun, kuma kyauta ake amfani da shi. Da na rubuta kalmar, sai ya nuna mini cewa daga Larabci aka aro ta, wato "ajdad", jam'in "jadd" mai ma'anar kaka, sannan ya kawo tsofaffin rubuce-rubucen da aka same ta a cikinsu tare da shekarunsu.

Abin da ya ɓoye mini kalmar tun farko shi ne rubutun boko da Turkiyya ta koma kansa a 1928, inda harafin "c" yake ba da sautin "j", kuma "d" ta ƙarshen kalma take rikiɗewa ta zama "t". Saboda haka "jadd" ta zama "cet", amma da zarar an ce "ceddim", wato kakana, sai asalin ya fito fili.

Daga nan na yi ta bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba, kuma duk wanda ya yi karatun Islamiyya zai ji irin daɗin da na ji. "Nesep" ita ce nasabarmu, "silsile" salsala ce, "zürriyet" kuwa zuri'a, yayin da "selef" ta fito daga "salaf", magabata. Ƙamusun ya kuma tabbatar da cewa "ata", wato uba ko kaka, tsohuwar kalmar Turkanci ce ta gado, kuma ita ce ke cikin sunan Atatürk da aka bai wa Mustafa Kemal, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, a 1934.

Sai dai bayanansa duka da Turkanci suke, kuma hankalinsa yana kan tarihin kalma, don haka mai fara koyon harshen zai buƙaci wani ƙamus na ma'anoni a gefe. Ga wanda ya ɗan yi nisa, musamman ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Turkiyya, ina ba da shawarar su riƙa leƙa shi kullum, domin Larabcin da suka taso da shi zai rage musu wahalar haddar kalmomi ƙwarai da gaske.