Rodiyon gargajiya ko PBR: wanne za ka kalla?

Mai son kallon rodiyo, wato wasan makiyayan Amurka, yana da zaɓi biyu. Na farko shi ne rodiyon gargajiya na PRCA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan rodiyo, wadda tushenta ya koma 1936. A nan komai da ruwanka: hawan doki marar horo, jifan maraƙi da igiya, kayar da sa ta ƙaho, da tseren mata na zagaya ganguna. Bikin Cheyenne a jihar Wyoming tun 1897 ake yin sa, yanzu duk shekara a watan Yuli, iyalai su cika filin da manyan huluna. Wasan ƙarshe na PRCA kuwa a Las Vegas ake yi a Disamba. Ɗan wasa shi ke biyan kuɗin shiga da na mai. In bai ci ba, ya koma gida aljihu wayam.

Na biyu shi ne PBR, ƙungiyar ƙwararrun mahaya bijimai, wadda ta ɗauki abu ɗaya ta riƙe: hawan bijimi. Mahaya 20 suka kafa ta a 1992, kowa ya zuba dala 1,000. Daƙiƙa 8 a bayan bijimi, hannu ɗaya a igiya, ɗayan a sama. Maki 100 ne, rabi na mahayi, rabi na dabbar. Sauran duk kiɗa ne da tartsatsin wuta da tallan kamfanoni, don talabijin aka tsara shi. Bijimai ma, kamar wani mai suna Bushwacker, suna da magoya baya.

Wanda ya saba kallon hawan ƙaho na mahauta zai fi saurin kama PBR. Ni dai Cheyenne zan zaɓa, saboda a can ake ganin aikin kiwon da ya haifi wasan.