Roxy Music: album na farko ko For Your Pleasure?

Ɗan uwa da ka tambaya wai tsakanin album ɗin Roxy Music (ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila) na farko da na biyunsu, For Your Pleasure, wanne za ka fara ji, ni dai na biyun zan ce, duk da na farkon ne ya fi kwanta min a rai.

Na farkon 1972 ya fito, Peter Sinfield mai rubuta wa ƙungiyar King Crimson waƙa shi ya yi furodusin, kuma gaskiya sautin bai fita tas ba, ka ji kamar a gurguje aka ɗauka. Amma fa a nan haukan yake. Waƙar Re-Make/Re-Model da hayaniyar mutane a wajen fati take farawa, kafin ka ankara kiɗa ya rufto maka, Andy Mackay na ta busa saksofon, Brian Eno na gefe yana murɗa na'urarsa VCS3 tana ƙara kamar rediyon da ya ɓata tasha, can ƙarshe kowa a ɗan ba shi fili ya nuna kansa. Eno ɗin nan da bakinsa yake cewa shi ba makaɗi ba ne, ya hau dandali da gashin tsuntsu a kafaɗa, ido ya sha kwalli. Kar ka nemi waƙarsu Virginia Plain a bugun Ingila na asali, babu ita, daban aka sake ta.

For Your Pleasure kuwa Maris 1973 ne, Amanda Lear mai tallan kayan ƙawa ce a bangon faifan riƙe da baƙar damisa a igiya. Mutanen sun nutsu, sauti ya gyaru, har ya kai na 4 a jerin album ɗin da aka fi saye a Ingila, wancan a na 10 ya tsaya. Waƙar In Every Dream Home a Heartache kaɗai ta isa, jagoransu Bryan Ferry yana rerawa a hankali kamar mai sambatu, labarin wani attajiri da kaɗaici ya sa shi soyayya da 'yar tsanar roba, kana zaune kawai jitar Phil Manzanera ta fashe, waƙar ta yi kamar ta ƙare kuma ta dawo. The Bogus Man ce dai ta wuce minti 9, wlh wani lokacin tsallake ta nake yi.

Daga shi Eno ya bar su, ba sa jituwa da Ferry. Ka fara da For Your Pleasure da daddare da iyafis a kunne, in ya shige ka sai ka koma na 1972.