Jan haske a arewacin Tahoua: aurora ce, ko wutar daji, ko alfijir na ƙarya?

Ɗan'uwa, ka ce a watan Disamba, bayan sallar isha'i, ka ga gefen sama ya yi ja a arewa da Tahoua, ka ɗauki hoto da waya, kana tambaya ko irin hasken nan ne da ake nunawa daga Norway, wanda ake kira aurora. Amsar a taƙaice: da wuya ƙwarai. Ga yadda za ka rarrabe da kanka.

Aurora daga rana take tasowa. Rana kan feso ɓurɓushi masu ɗauke da lantarki, su yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, maganaɗisun duniya ya karkata su zuwa kusurwar arewa da ta kudu. Can sama, kilomita 100 zuwa 300, sai su bugi iskar oksijin da nitrojin, iskar ta yi haske. Kore yana fitowa daga oksijin a kilomita 100 zuwa 150, ja kuma daga oksijin da ke sama da kilomita 200. Shi ya sa gidanta ke wajen digiri 65 zuwa 70 arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita): Tromso a Norway, Aisland, Alaska, arewacin Kanada. Tahoua tana wajen digiri 15, Yamai 13 da rabi, kuma layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Afirka ta Yamma kudu da mu kaɗan. Wato muna cikin wuraren da suka fi nisa da ita. Ko a babbar guguwar rana ta 10 da 11 ga Mayu 2024, da aka gan ta a Mekziko da tsibiran Kanari, tsibiran nan suna wajen digiri 28 ne, kusan ninki biyu na namu.

Wutar daji ita ce abin da na fi zargi. Disamba ciyawa ta bushe, hazo ya cika sama, kuma ƙura tana kama hasken wutar da ke bayan tudu ta watsa shi, ko da harshenta bai bayyana gare ka ba. Bambancinsu a tushe yake. Hasken wuta ya fi ƙarfi a ƙasa, daf da inda sama ta haɗu da ƙasa, launinsa ja mai ruwan lemo, yana dusashewa in ka ɗaga kai. Taurarin da ke wajen sukan ɓace, don hayaƙi da ƙura sun rufe su. Aurora kuwa ba ta rufe tauraro. Kana ganinsu tar ta cikinta kamar ta labule mai shara-shara. Da za ta iso nan, ba za ka ga koren da ke cikin hotuna ba, sai ja mai duhu kawai, don samanta kaɗai ke leƙowa ta bayan lanƙwasar duniya. Hasken fitilun gari a cikin hazo ma haka yake yi, sai dai shi kullum yana wuri ɗaya, daidai saitin garin.

Alfijir na ƙarya malamanmu sun daɗe da saninsa, su da ke kwatanta shi da wutsiyar kyarkeci. Hasken rana ne da ke faɗawa kan ƙurar da ke tsakanin duniyoyi. Fari ne fat, ba ja ba kore, tsaye kamar dala mai ɗan karkata, a gabas kafin asuba, ko a yamma wajen awa ɗaya da rabi bayan faɗuwar rana. Ba ya rawa, ba ya fitowa a arewa. Mu nan mun fi mutanen Turai samun ganinsa, in babu wata kuma an fita daga gari.

In ka sake ganin jan, ka fara da tabbatar da inda arewa take. Tauraron arewa a Tahoua yana sama da ƙasa da kamar dunƙulen hannu ɗaya da rabi in ka miƙe hannunka. Kashe tocila, ka bar ido ya saba da duhu minti 20. Jingina wayar a kan katanga ko dutse, ka ɗauki hoto na daƙiƙa 3 zuwa 10, sa'an nan ka ɗauki gabas da kudu da saiti iri ɗaya. A nan mutane ke ruɗuwa: tsarin ɗaukar hoton dare na waya yana tara haske ya ƙara launi, har hazo ya fito jawur. In dukkan hotunan sun yi ja, ƙura ce da kyamara. Daga nan ka duba ma'aunin Kp na daren, wato ma'aunin ƙarfin hargitsin da guguwar rana ke jawowa a maganaɗisun duniya, a shafin hukumar NOAA ta Amurka. Yana tafiya daga 0 zuwa 9, kuma in bai kai 9 ba, ka cire aurora daga lissafi.

In kuwa jan yana gefe ɗaya, yana ƙaruwa yana raguwa, ga warin hayaƙi a iska, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Ka sanar da mai gari da makiyayan da ke wannan shiyya, don wutar daji a wannan lokaci abincin dabbobi na rani take cinyewa.