Sandar biliyar mai zoben inoks, bayan ta sha hunturun Damagaram

Sandar biliyar, wasan nan na buga ƙwallaye a kan tebur, mai rabi biyu ce, irin wadda ake murɗawa a haɗe a tsakiya. Ƙanen matata, wanda ke safarar kaya tsakanin Kano da Damagaram, shi ya taho mani da ita daga Sabon Garin Kano, ta tsaya mani jika 30 na sefa har da ladan ɗauko. Sunan da aka buga a gindinta babu wanda ya san shi, don haka ban kula shi ba. Tsawonta santimita 147, nauyinta wajen giram 540, kanta milimita 13, daidai da awon da aka saba. Rabin gaba farin katakon mafil ne, irin wanda ake samu a Kanada da arewacin Amurka. Amma abin da ya sa na ce a kawo ta, mahaɗin ne.

Ina da tebur ɗaya ƙarƙashin rumfar kwano a unguwar Sabon Gari ta nan Damagaram, kusa da fadarmu ta hira, kuma sandunan da na binne a wurin nan yawancinsu daga tsakiya suka mutu. Kan fata in ya cinye, a ɓamɓare a manna wani. Mahaɗi kuwa in ya fara girgiɗi, an gama. Za ka ji wani "kas" duk bugu, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama.

In ka kwance wannan, ga abin da za ka gani. A bakin rabin gindi akwai zobe mai kauri na inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, kusa mai haƙora ta fito daga cikinsa, ita ma inoks. A rabin gaba an dasa gurbin tagulla cikin katako, nan kusar ke shiga. Wannan haɗi yana da dalili: tagulla ta fi inoks taushi, sai ta bi kusar lami lafiya, ba sa cije juna kamar yadda ƙarafa iri ɗaya kan yi. Na kara maganaɗisu a zoben, da ƙyar ya nuna ya san da shi. Zoben tsofaffin sandunana na jika 7 kuwa caraf yake kamawa, domin baƙin ƙarfe ne aka shafe da ruwan ƙyalli, damina ɗaya ya fara ɓarewa. Wasu ma kusarsu ta sanholo ce, ƙurar hunturu ta shiga ta cinye haƙoran har suka zama sumul.

Awon kusarta 5/16 da 18, wato kaurinta kusan milimita 8, haƙora 18 a kowane inci. Ku riƙe wannan lamba. Akwai mai haƙora 14 da kauri ɗaya, a ido ba ka rarrabe su, amma ba sa shiga juna. Wani yaro ya taɓa ɗauko rabin wata sanda yana neman cusa shi a tawa, yana cewa, "Yaya, ai ta kama, saura kaɗan." Da na yi jinkirin fizge ta, da tagullar ta tafi.

Bugunta mai tauri ne, da ƙara siririya. Wanda ya saba da sanda mai guda ɗaya zai ji kamar hannunsa bai samun labarin abin da ya faru a kai, domin ƙarfe ya tsaya tsakani. Nauyin zoben kuma yana jan sanda gaba kaɗan. Ni hakan ya yi mani, ina son sanda ta kwanta a kan yatsu da kanta. Wani abokina malamin makaranta bai yarda ba sam. Shi tasa ta kamfanin McDermott ce da ɗan'uwansa ya aiko mashi, kusarta babba, 3/8 da 10, tana shiga cikin katako kai tsaye, katako ya haɗu da katako. Gaskiya bugun tasa ya fi daɗi, laushi gare shi, kana jin ƙwallo har gwiwar hannu. Sai dai shi kaɗai ke taɓa ta, daga jaka sai hannunsa. Tawa kuwa hannu goma take bi kafin a kira isha'i, kuma haƙoran katako ba su jure murɗar yaran da ke ganin ƙarfi shi ne gwaninta.

Inda hunturu ya nuna kansa shi ne gefen zoben. Katako yana tsukewa in iska ta bushe, ya kumbura in damina ta sauka, ƙarfe kuwa bai san wannan ba. Wajen watan Janairu, in na bi mahaɗin da farce, ina jin ɗan tudu inda zobe ya ɗara katako. Da ruwa ya zauna a watan Agusta sai ya ɓace. Bai sa ta girgiɗi ba, ko da na mirgina ta a kan tebur a haɗe ba ta tsalle. Amma ban barinta a rumfar kwano da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40; manne ne ke riƙe da zoben, shi kuma yana da iyaka.

Masu kuɗi suna da wasu zaɓin. Akwai zoben fenolik, dangin robar nan mai tauri da kamfanin Saluc na Beljiyam ke yin ƙwallayen Aramith da ita, ba nauyi, bugunsa tsaka-tsaki. Akwai mahaɗin Uni-Loc na sandunan kamfanin Predator, da ke haɗuwa da ɗan murɗi kaɗan. Na hauren giwa kuwa a bar shi inda yake: tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, ga shi da saurin tsagewa in wuri ya bushe.

Aibin tawa sandar biyu ne. Fatar kan da ta zo da ita busasshiya ce, ba ta riƙe alli, dole na sauya. Sannan ba a haɗo ta da murafan da ake toshe mahaɗi da su ba, abin da a garin ƙura bai kamata a ce babu ba. Wani baduku a unguwar Birni ya ɗinka mani jaka mai aljihu biyu da 'yan hulunan fata, nakan kuma goge kusar da busasshen tsumma kafin in haɗa. Kada a sa mai, ƙura yake kira.

Mai tebur na haya, ko mai sandar da ake ara, ya saye ta bai yi asara ba. Sai dai ya ce wa mai sayowa ya kwance ta a shago, ya leƙa gurbin ya tabbata tagulla ce, ya kuma tambayo murafan tun daga can.