Miyami ko Durban: daga ina ya kamata mai shiga jirgin ruwan shaƙatawa karon farko ya tashi?

Wani ɗan uwa daga Kano ya aiko da tambaya. Shi da maiɗakinsa suna son yin hutu a jirgin ruwan shaƙatawa, irin mai zagaya tsibirai, kuma ba su taɓa shiga ba. Fasfonsu na Najeriya ne. Wakilin tafiye-tafiye ya ajiye masa zaɓi biyu: ya tashi daga Miyami ta Amurka zuwa tsibiran Karebiyan, ko ya tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Yana so a gwada masa su biyun.

Malam, kafin maganar kyan tsibiri, buɗe fasfonka. Idan akwai bizar Amurka mai rai wadda ake shiga da ita sau da yawa, Miyami a buɗe take gare ka, kuma ta fi Durban yawan zaɓi nesa ba kusa ba. Idan babu, ka fuskanci Durban.

Dalilin shi ne, jirgin da ya tashi daga Miyami ya leƙa Bahamas ko Meziko, ranar da ya dawo sabuwar shiga Amurka ce a wajen jami'an shige da fice. Bizar shiga sau ɗaya ka riga ka cinye ta tun ranar da ka sauka a filin jirgin sama. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, daga baya ma ta ƙara tsaurarawa. Saboda haka wanda bai da tsohuwar biza a hannu, kada ya biya ko sisi don tafiyar Miyami. Haka lissafin yake a Durban: za ka fita zuwa Mozambik ka dawo, don haka a takardar neman bizar Afirka ta Kudu ka nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, ka haɗa da takardar jirgin ruwan a matsayin hujja.

Akwai tarkon da yake kama mutane a ɓangarorin biyu. Kamfanin jirgi yana duba ƙa'idar kowace tasha da za a tsaya, gwargwadon fasfon da kake riƙe da shi. Idan wata ƙasa a hanyar tana neman biza kuma ba ka da ita, ana iya hana ka shiga tun daga tashar farko, ko da ka rantse ba za ka sauka a can ba, kuma kuɗinka ba ya dawowa. Misali, doguwar tafiyar Durban zuwa Morishus takan ratsa tsibirin Riyuniyon, wanda yankin Faransa ne, kuma bizar Shengen ta ƙasashen Turai ta yau da kullum ba ta haɗa da shi kai tsaye ba. Ka rubuta wa kamfanin jirgin da kansa, ka faɗi irin fasfonka, ka lissafo tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye amsarsu a rubuce. Maganar baki ta wakili ba ta shigar da kowa jirgi. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Katin allurar shawara wajibi ne ga mai shiga Afirka ta Kudu daga Najeriya. Allurar tana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rai.

Hanyar zuwa tashar ma ba ɗaya ba ce. Legas zuwa Johannesburg kusan awa shida ne, daga can zuwa Durban awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma agogonsu awa ɗaya kawai ya riga namu. Miyami kuwa sai an yi kusan awa 12 zuwa Atlanta, ko a biyo ta Turai, sannan a sake wani jirgin, ga bambancin lokaci na awa biyar zuwa shida. Ko wanne ka zaɓa, ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar tashi, biyu ma ya fi idan akwai canjin jirgi a hanya, saboda akwati yakan makara. Jirgin ruwa ba ya jiran jirgin sama, kuma ana rufe ƙofar shiga kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya ɗaga.

Yanzu ga abin da za ka samu a kowanne. Daga Miyami da Fort Lauderdale da ke kusa da ita jirage suna tashi duk shekara, kamfanoni da yawa: Royal Caribbean, Carnival, Norwegian, MSC da sauransu. Akwai ta kwana uku ko huɗu zuwa Nasau ta Bahamas, akwai ta kwana bakwai, ko dai ta gabas wajen San Huwan da Sen Tomas da Sen Matin, ko ta yamma wajen Kozumel ta Meziko da Jamaika da Giran Keman. Wasu jiragen gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. A Durban kusan kamfani ɗaya ne ke riƙe da harkar, wato MSC, kuma lokacinta daga wajen Nuwamba ne zuwa Afrilu. Jiragen da ya sha kawowa, irin su MSC Orchestra da MSC Musica, suna ɗaukar mutum kusan 3,000. Tafiyar da aka fi yi ita ce ta dare uku ko huɗu zuwa Tsibirin Fotugal, wani ƙaramin tsibirin Mozambik da ke bakin mashigin Maputo kusa da tsibirin Inyaka, ko zuwa Pomene a lardin Inyambane. Ta Morishus tana cin kusan mako biyu, kuma kwana uku zuwa huɗu ake yi a tsakiyar teku kafin a ga ƙasa. Wannan ba ta ɗan koyo ba ce.

Babban bambancin da tallar ba ta faɗa shi ne yadda ake sauka. A Nasau da Kozumel jirgi yana jingina da gadar tasha, ka taka da ƙafarka ka fita, ka dawo lokacin da kake so. A Tsibirin Fotugal da Pomene babu irin wannan gada. Jirgi yana kafa anka a nesa, sai a riƙa kwasar mutane a ƙananan jiragen roba masu inji, a sauke su a bakin ruwa, ƙafa ta jiƙe. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi ranar, kyaftin yana soke saukar gaba ɗaya, kuma sharuɗɗan tikiti sun ba shi wannan ikon ba tare da biyan diyya ba. A tafiyar dare uku mai tsayawa wuri ɗaya tak, wannan yana nufin za ka iya dawowa Durban ba ka taka tsibiri ba. A Karebiyan mai tashoshi uku ko huɗu, in ɗaya ta faɗi, saura suna nan. Wanda yake tafe da dattijo ko mai ciwon gwiwa ya auna wannan da kyau. Tsibirin Fotugal ɗin kansa babu wanda ke zaune a kai: rairayi ne fari, ruwa garai-garai, inuwa kaɗan. Ka tafi da malafa, takalmin roba, da leda mai zif don waya.

Yanayi kuma a juye yake. Lokacin guguwar Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Shi ya sa tikiti ke araha a waɗannan watannin, kuma shi ya sa ake yawan sauya hanya. Disamba zuwa Afrilu ne lokacin lafiyar Karebiyan. A kudu maso yammacin Tekun Indiya kuwa, lokacin guguwa yana farawa tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu, wato daidai lokacin da jiragen Durban ke aiki, kuma ya fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. In da hali ka ɗauki Nuwamba ko farkon Disamba, kafin makarantun Afirka ta Kudu su yi hutu farashi ya haura.

Gaskiya ita ce ruwan gaɓar Durban ya fi na Karebiyan jijjiga. Ga mai saurin jiri, zaɓin ɗaki ya fi komai muhimmanci: tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi da hawa na can sama su ne suka fi lilo, ko da yake ɗakunan saman sun fi tsada. Ɗakin ciki marar taga shi ne mafi araha kuma barcinsa da daɗi, amma ba ka sanin gari ya waye sai da agogo, kuma mai tashin zuciya yana samun sauƙi idan yana hango inda ruwa ya haɗu da sama. Ka kuma duba taswirar jirgin, ka guji ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya ko saman zauren kiɗa. Maganin jirin tafiya irin su Stugeron ana shan sa ne kamar awa biyu kafin jirgi ya motsa. In amai ya riga ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki. Yana sa barci, kuma mai juna biyu ko mai shan wani magani ya fara tambayar likita. Citta tana taimakawa. Af, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar matar da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar.

Kuɗi: farashin da ke jikin talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Ƙara harajin tashoshi in ba a riga an haɗa shi a ciki ba. Ƙara tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kai tsaye kowace rana, wanda a jiragen Amurka yake tsakanin dala 16 zuwa 20 ga kowane mutum. Ku biyu a kwana bakwai kun haura dala 220 ke nan. Abincin babban zaure da na ɗebi-da-kanka yana cikin tikiti, amma lemon kwalba, intanet da yawon cikin gari duk daban ne. Kada dillali ya sayar maka da kunshin abin sha mai tsada, domin yawancin kuɗinsa na giya ne. Akwai na marasa shan giya, ko ka saya ɗaya-ɗaya. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi: katin ɗakinka shi ne makulli, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne jakar kuɗi, kuma lissafin da dala ne har a jiragen Durban. Ranar farko za a haɗa shi da katin banki, a riƙe wani adadi a kai. Katin naira yana da iyakar kashewa a waje, saboda haka ka tafi da katin asusun dala ko tsabar dala da za ka ajiye a teburin karɓar baƙi. Waya kuma, da jirgi ya bar tasha ka sa ta a yanayin jirgin sama, domin layin tauraron ɗan adam na cikin teku yana cinye kuɗi kamar wutar daji. Asibitin jirgi na kuɗi ne, mai tsada, don haka inshorar da ta haɗa da ɗauko marar lafiya daga teku ba abin wasa ba ce. Mozambik yankin zazzaɓin cizon sauro ne, amma wannan ba baƙo ba ne a wajenmu. Man korar sauro dai ya shiga jaka.

Ta fuskar abinci Durban ta ɗan fi sauƙi, domin gari ne mai tsohuwar al'ummar Musulmi 'yan asalin Indiya, ga babban masallacin Juma'a da aka fi sani da masallacin titin Grey, kuma kalmar halal ba baƙuwa ba ce ga masu hidimar wannan hanya. Duk da haka a nan da can ka nema a rubuce makonni kafin tafiya, sannan daren farko ka sake gaya wa shugaban masu hidimar zauren abinci. In ba a samu ba, kifi da kayan lambu sun wadata. Abin tambaya shi ne miya da kayan zaƙi, don ana zuba giya a wasu, ana kuma soya wasu abubuwan da naman alade. Alƙibla daga Miyami arewa maso gabas take, daga Durban kuwa kusan arewa sak da ɗan karkata gabas. Kamfas ɗin waya yana rikicewa cikin ƙarfen jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna inda jirgi ya dosa, da ita za ka kintata. Lokutan salla ka sauke su a waya tun kana da intanet.

Kayan da za a ƙwace a bakin ƙofa iri ɗaya ne ko'ina, kuma duk saboda tsoron gobara: dutsen guga, hitar ruwa, kyandir, da wayar ƙarin soket mai kariyar hawan wuta. Ka gaya wa Hajiya ta bar kasko da turaren wuta a gida, na'urar hayaƙin ɗaki ba ta san oud ba; humra da turaren fesawa sun isa. Buta kuwa ku tafi da ita, ƙarama ta roba, don banɗakin ba shi da tiyon tsarki, kuma masan na zuƙar iska ne mai siririn bututu, ƙyallen goge jarirai ɗaya yana toshe layin ɗakuna da yawa. Manyan akwatuna sai yamma suke isowa ƙofar ɗaki, saboda haka fasfo, magunguna, sallaya da kaya canji ɗaya su kasance a jakar hannu. Atisayen ceton rai na ranar farko dole ne ga kowa. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ya fi man shafawa maganin ƙwayar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage.

Ranar sauka a tsibiri ka bi agogon jirgi, kada ka bi na waya, domin waya tana komawa lokacin garin da kanta. Lokacin dawowa yawanci minti 30 ne kafin tashi, a wuraren jiragen roba kuma ana sanar da lokacin na ƙarshe, wanda yakan riga haka. Yawon da ka saya a hannun kamfanin jirgi ya fi tsada, amma in motarsu ta makara ana jiranta. In tasin da ka ɗauka da kanka ce a Kozumel ta makara, kai za ka biya kuɗin cim ma jirgi a tasha ta gaba. Ka ɗauki hoton takardar shirin ranar kafin ka fita, lambar wakilin jirgin a wannan tashar tana jikinta.