Magnepan 3.7i: murya ɗaya daga sama har ƙasa

Lasifikar da nake amfani da ita a da, rabinta shimfiɗaɗɗen allo ne, rabinta akwatin bes, wato amon ƙasa mai kauri. In kalangu ya tashi, sai amon sama ya riga isowa, kaurin ya biyo baya yana jan ƙafa. Kunnena ya gaji.

Wannan lasifika kuwa, 3.7i, ta kamfanin Magnepan ce, na jihar Minnesota a Amurka. Tsayinta ya kusa ƙafa shida, ga ta siririya kamar ƙyauren ɗaki. Sassa uku ke aiki a ciki: siririn zirin alminiyam na fitar da amon sama, na tsakiya da na ƙasa kuma leda ce marar nauyi a gaban maganaɗisu. Da yake duk ba su da nauyi, tare suke tashi, tare suke tsayawa. Na kasa kunne a muryar mace, inda haɗin sassan ya saba tona kansa, ban ji ɗinkin ba. Zirin ya ɗan fi sauran kaifi in ka zauna kusa.

Amma fa tana cin wuta: om 4 ce (om ma'aunin turjiya ga lantarki ne), sai amfilifaya mai ƙarfi, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. A janye ta daga bango kamar mita ɗaya. Mai neman bes da zai girgiza tagogi, ya duba wani wuri.